Jinyar Surukina a Kaoje da Mako Ukun da Kunya ta Cinye

Godiya ta tabbata ga Allah da ya tashi kafaɗun surukina, Baffa Sambo, bayan ciwon da ya ɗauke mu kusan wata shida muna kai da kawo. Na rubuta wannan ne domin makiyaya, da waɗanda suka haɗa zuri'a da makiyaya kamar ni. Zan yi ƙoƙari kada in faɗi abin da ban gani ba. Inda ji na yi, zan ce ji na yi.

Ni malamin makaranta ne a Kaoje, shekarata biyu da gama jami'a. Matata Dije ita ce 'yar fari ga Baffa, Bafulatani makiyayi wanda rugarsu take dajin bayan Kurgu. Da rani sukan sauko da shanu gonakin fadama su ci karan da aka girbe, su bar wa masu gona taki. Idan ruwan farko ya sauka, manoma na son gonakinsu, sai a kwashe a hau tsaunukan da ke kan iyakar Benin, tafiyar kwana huɗu da garke. Wanda ya ga manyan duwatsun wasu wurare zai iya cewa waɗannan tuddai ne kawai, amma mutanen ruga tsauni suke cewa, kuma ni da na taɓa hawa ɗaya da ƙafa ba zan musa musu ba. Baffa ne ke shiga gaba a wannan tafiya tun kafin a haifi Dije. Shi ya ce shekara talatin da 'yan kai, surukata Inna ta ce arba'in. Ban sami yadda zan tantance ba.

Ciwon ya fara bayan girbi. Zazzaɓi ne mai zuwa da la'asar, gari ya waye rigarsa a jiƙe da gumi, jikin ya yi sanyi kamar ba a yi komai ba. Yakan yi kamar kwana goma yana haka, ya ɓace, sannan ya dawo. Daga baya ƙwanƙwaso da gwiwar dama suka shiga. Baffa bai gaya wa kowa ba. Babban ɗansa namiji, Bello, shi ya gano, ranar da ya bi sawun wata saniya ya tarar da mahaifinsa a bayan wata ƙirya yana sallar azahar a zaune, ya zaɓi inda ba wanda zai gan shi.

Kowa ya ce zazzaɓin sauro ne. Wani mai kemis a kasuwar ƙauye ya yi masa allura har karo uku, ba gwaji, ba tambaya. 'Yan'uwa kuma kowa da nasa: wannan ya kawo jiƙon maɗaci, wancan ya ce a dafa ganyen dogonyaro a yi sirace, wani ya kira wanzami aka yi ƙaho a baya. Akwai wanda ya ce a yi wa gwiwar sakiya da ƙarfe mai zafi kamar yadda ake yi wa sa, kuma Baffa ya yarda, Inna ce ta ɓoye ƙarfen. Ba na zargin kowa a cikinsu. Abin da ke hannunsu suka bayar, kuma tun da zazzaɓin yakan tafi da kansa, kowane magani sai da ya sami mako guda ana yaba masa.

Da bazara ta kama, Bello ya tara ƙannensa suka yanke shawara, suka gaya mini a matsayina na na gari: idan ruwan farko ya sauka Baffa bai miƙe ba, za a bar shi a Kaoje wurina, garke ya tafi ba shi, kuma ba wannan shekarar kaɗai ba, ya huta ke nan. Baffa yana wurin, ƙasa kawai yake tonawa da bakin sandarsa. Inna ce ta ce wa Dije daga baya: "In anka bar shi cikin gari, ba ciwo ka kashe shi ba, katanga ka kashe shi." Tun daga ranar na gane abin da muke nema ya wuce sauƙin zazzaɓi. Muna neman mutumin ya tashi kafin hadari ya taso.

Mun fara da wani asibiti na kusa. An ɗibi jini, ba a ga zazzaɓin sauro ba, aka ba da maganin taifot. Ya sha, zazzaɓin ya tafi, muka yi murna, bayan kwana goma sha biyu ya dawo. Sai aka ba mu takarda zuwa Birnin Kebbi. An sayar da bijimi ɗaya saboda wannan tafiya. Mun isa da hantsi, muka yi layin kati, muka yi layin awo, muka yi layin ganin likita, ba mu shiga ba sai bayan la'asar. Baffa ya ƙi zama a benci saboda akwai mata a tsaye, ya dogara da sandarsa awa huɗu a kan gwiwar da ke ciwo.

Likitar mace ce, ba ta girme ni da yawa ba. Duk tambayar da ta yi game da jikinsa, amsa ɗaya yake bayarwa: "Da sauƙi." Ni nake cike sauran. Can ta ajiye biro ta ce, "Baba, shanunku suna ɓari?"

Ban taɓa jin Baffa ya yi magana mai tsawo irin ta ranar ba. Ya gyara zama, ya ce uku sun zubar a bana, ya faɗi launin kowace da uwar da ta haife ta, ya ce ɗaya gwiwarta ta kumbura ta tara ruwa, ciwon da suke kira bakkale. Ta tambaye shi wa ke cire mabiyiya idan ta maƙale. Ya ɗaga hannunsa na dama ya nuna mata. Ta tambayi yadda yake shan madara. Ya yi mamakin tambayar, ya ce yadda kowane mai hankali ke sha, da ɗuminta daga hantsa.

"Baba," in ji ta, "ina zaton ciwon saniyarka ne ya hau ka."

Wannan jimlar ta zauna mini. An sake ɗibar jini, muka kwana huɗu a gidan wani abokina muna jira, sakamako ya tabbatar da zatonta. Na roƙe ta ta rubuta mini sunan cutar, ta rubuta, ta ce a baki burusela ake cewa. Da za ta yi bayanin magani, Baffa ya riga ya fita alwala, saboda haka ni kaɗai na ji. Magani biyu ne, mako shida ba tsallake. Jan kafso da sassafe kafin a ci komai. Ɗayan kuma safe da yamma, bayan an ci abinci, da ruwa mai yawa, kuma kada madara ko nono su kusance shi, awa biyu kafin da awa biyu bayan, domin suna rage masa ƙarfi. Duk madarar da za a sha a tafasa ta. Sannan ta ce jan kafson zai mayar da bawalinsa ja, ba jini ba ne, launin maganin ne. "Ka tabbata ka gaya masa, kada ya tsorata." Na rubuta, na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Ban gaya masa ba. A mota na yi niyya sau uku. Ta yaya zan dubi mahaifin matata in yi masa zancen bawalinsa? Na ce wa kaina gobe, gobe ta zo na ce jibi, daga baya na lallashi kaina cewa idan ya gani zai tambaya.

Yadda jinyar ta faɗo kaina shi ne: Dije ta tafi ruga haihuwar fari kamar yadda ake yi, ta sauka lafiya a makon da muka dawo, aka sami 'ya mace. Inna na kanta da wankan jego. Bello da ƙannensa na tare da shanu. Baffa kuma ana so ya kasance kusa da ƙaramin asibiti domin a riƙa auna shi duk mako. Na gyara masa ɗakin da ke kusa da zaure a gidana, mahaifiyata kuma take aiko da abinci daga gidanmu.

Makon farko. Tsarina ke nan: in kawo abinci, in ajiye a gabansa, in zauna a bakin tabarma da littafi da agogon wayata, in jira ya ci in ba shi magani. Yakan buɗe kwanon, ya duba, ya yi godiya, ya rufe. "Zan ci, Malam." Bai taɓa kiran sunana ba, Malam yake cewa. Idan na matsa, sai ya gutsuri abin da bai kai loma ba, ya juya fuska gefe, ya ce ya ƙoshi. In ba shi magani ya haɗiye, in rubuta "ya ci kaɗan", in tafi makaranta.

Na san kunyar surukuta, mu ma Hausawa muna da ita, ni kaina ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Kuskurena biyu ne. Na ɗauka ƙaramin ne kaɗai ke jin nauyin babba, ban san a wurinsu babban ma ba ya tauna a gaban mijin 'yarsa ba. Na kuma ɗauka ciwo yana ɗage wannan, kamar yadda yake ɗage wa mutum azumi. A wurin Baffa bai ɗage komai ba.

Mako na biyu. Ya fara tashin zuciya, wani lokaci har amai. Na ɗauka rashin cin abincin alamar cutar ce, sai na ƙara ƙaimi. Na sa aka yi masa farfesun kaza, aka yi ɗanwake, aka yi kunun gyaɗa. Na matso da zamana kusa, na ƙara tsawon jira daga minti goma zuwa rabin awa. Da na dawo daga makaranta nakan tarar da kwanon yadda na bar shi, domin kamar yadda na ji daga baya, mayar da kwano wayam a gidan suruki shi ma abin kunya ne. Abin da ban sani ba, kullum da hantsi matan ruga masu tallar nono suna biyowa su bar masa ƙwarya. Da zarar na fita, cikinsa na ƙuna saboda magani a kan yunwa, sai ya kafa kai ya sha. Da wannan yake rayuwa, kuma daidai lokacin da likita ta hana. Na gaya masa dokar nono, ya ji, amma a fahimtarsa kada a haɗiye ƙwayar da nono ne, kuma bai taɓa yin hakan ba.

Mako na uku. Zazzaɓin ya dawo. Sikelin ƙaramin asibiti ya nuna ya ragu da kilo uku. Ya daina tambayar labarin shanu, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Ranar Laraba ya ce a kira masa Bello. Daga tsakar gida na ji yana lissafo shanu ɗaya bayan ɗaya da sunayen 'ya'yansa. Bello ya fito idonsa ja, ya hau babur bai yi mini sallama ba.

Washegari ranar Alhamis Goggo Dado ta zo. 'Yar kawun Baffa ce, wato taubashiyarsa, abokiyar wasansa tun suna yara, tana sayar da man shanu a kasuwannin yankin. Ta shigo da sallama mai ƙarfi, ta leƙa ɗakin, ta tsaya riƙe da ƙugu.

"Sambo, kai ne wanga? Ni na ɗauka sanda anka jingine ga bango anka sa mata hula."

Baffa ya buɗe ido. "Dado. Har yanzu ba ki mutu ba?"

"In mutu in bar ma wa gadonka? Na ji ana rabon shanu, na taho in amshi tawa. Ja nika so, mai farin goshi."

"Akuya ma ba ki samu."

Murmushinsa na farko ke nan a gidana. Lokacin maganin yamma ya yi, na kawo tuwon dawa da miyar kuka, na ajiye, na zauna a wurina na buɗe littafi. Goggo ta dube ni, ta dubi Baffa, ta sake dubana.

"Malam, mi kaka jira?"

"Ina jira ya ci, Goggo, in ba shi magani."

"Nan zaune?"

"E."

"Tun yaushe kaka hakanga?"

"Yau kwana goma sha tara, safe da yamma."

Ta yi salati, ta tafa hannu, sannan dariya ta ƙwace mata har sai da ta zauna a ƙasa tana share hawaye da gefen mayafi. Baffa ya juya fuskarsa bango.

"Kwana goma sha tara kana kallon bakin surukinka! Wa ya koya muku wanga a makaranta? Tashi. Tashi ka hita. Je ka duba ko kogi na nan inda ka bar shi."

Na fita, amma dole in faɗi gaskiya, zaure na tsaya. Na ji ƙarar murfin kwano. Na ji Goggo na cewa a hankali, ba wanda zai ƙwace. Bayan ɗan lokaci ta leƙo ta ce a ƙaro, da man shanu, ta ciro nata daga jaka. Sai suka koma Fulatanci, wanda ba na ji sosai, saboda haka abin da ya biyo baya daga bakinta na ji shi. Ta tambaye shi me ya sa yake rabon shanu alhali yana cin tuwo kamar mai noma. Ya ce mata tun ranar da ya shigo gidan nan jini yake fitarwa, ya san kwanansa ya ƙare, ba ya so ya ɗaga wa yaron mutane hankali.

Ta fito ta same ni a zaure.

"Malam, likita ta hwaɗi wani abu game da bawali?"

Na buɗe littafin na nuna mata inda na ja layi biyu.

"Ni ban yi boko ba. Hwaɗa da bakinka."

Na faɗa, ina kallon ƙasa.

"Kuma ba ka gaya mai ba."

"Na ji nauyi, Goggo."

"To, Allah ya haɗa ku. Ɗaya na mutuwa don kunya, ɗaya na rubutawa don kunya." Ta koma ciki tana ɗaga murya yadda har maƙwabta sai da suka ji: "Sambo, ba jini ba ne, rini ne! Rinin magani! Aika a kira Bello ka amshe shanunka tun bai saba da su ba!"

Sai na ji wata irin dariya mai haɗe da tari, wadda ban taɓa jin irinta daga bakinsa ba.

Na kira likita a waya na gaya mata komai, ban rage laifina ba. Ta ce ba za ta iya sanin iyakar abin da nonon ya rage ba, kuma da amai ya shiga wasu ƙwayoyin ma ba su zauna ba, saboda haka abin da ya fi aminci a fara ƙirga mako shida daga ranar. Na duba kalanda. Idan damina ta zo yadda ta saba, muna da mako shida ko bakwai. Ba rara ko kaɗan.

Goggo ta aika aka kawo mata kayanta, ta tare a ɗakin Dije. Ta karɓi mulki. Ba ta san agogo ba, sai muka ɗaura komai a kan salloli: jan kafso bayan asuba, abinci da ɗayan maganin da hantsi, madara da azahar, abinci da magani bayan la'asar sakaliya. Aikina ya koma in ware ƙwayoyi in sa a murfin kwano, in ajiye a bakin ƙofa, in yi sallama, in ɓace. Da yamma Goggo ta ba ni rahoto, in rubuta. Rahotonta ba na lissafi ba ne. Takan ce "ya ci awa kura", wato kamar kura, ko "yau ya yi yanga, na ce in bai cinye ba zan kira Malam ya zauna." Ta ce wannan barazanar ba ta taɓa kasa aiki ba.

Tafasasshiyar madara ce aka sha fama da ita. Baffa ya ce an kashe ta, ba ta da rai, wannan ruwan wanke ƙwarya ne. Goggo ta ce ai shi ma saura kaɗan a wanke shi, ya sha ya yi shiru. A ruga kuma Dije ce ta shawo kan Inna, aka koma tafasawa a bari ta huce kafin a zuba tsohon nono ta kwana. Inna ta yi ƙorafin itace, amma ta yarda kindirmon ya fi kauri kuma ya fi daɗewa bai yi tsami ba. Wani malamin dabbobi ya je ya duba garken, aka ware shanun nan uku, ya ce kada a ƙara taɓa ɓari ko mabiyiya da hannu tsirara, ko leda ce a sa, a kuma binne su da zurfi. An auna Dije da Inna da Bello, Allah ya kiyaye su.

A mako na biyu na sabon ƙirga zazzaɓin ya tafi, kuma wannan karon bai dawo ba. A na uku Baffa ya taka zuwa masallacin unguwa ya yi salla a tsaye. A na huɗu ya fara fita bakin kogi da sanyin safiya, da malafa saboda likita ta ce maganin ba ya son rana, yana kallon shanun mutane da ake kawowa mashaya yana kushe su. Wannan ba a yi mata gishiri ba, wancan mai shi bai san kaska ba. Masunta suka saba da shi, suna tsokanarsa wai Bafulatani ya zo koyon su. Wata rana suka ba shi gasasshen kifi, abin da ya ce bai taɓa sa wa a baki ba. Goggo ta ji ƙarni a hannunsa da ya dawo. Ya ce ya karɓa ne kawai don kada ya kunyata su. Ta ce to washegari ma don kada ya kunyata su ne ya koma?

Dije ta gama arba'in ta dawo da jaririya. Baffa bai je suna ba saboda lokacin yana kwance, ranar ce ya fara ganinta. Goggo ta miƙa masa, ya riƙe ta nesa da ƙirji kamar ƙwaryar da ta cika, ya ce, "Wagga ce amaryar tawa? Ba ta da haƙori, ba ta iya tatsa, ku mayar." Bai mayar ba sai da ta yi barci.

Kafin in ƙarasa, ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. Zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa, da gumi da ciwon gaɓoɓi, a jikin mai hulɗa da dabbobi, kada a tsaya ga allurar kemis, kuma a gaya wa likita halin da dabbobin ke ciki ko bai tambaya ba. Ina godiya ga likitar da ta tambaya. Ina kuma ƙorafi cewa sai da muka yi tafiyar rabin yini kafin mu sami inda ake wannan gwaji, alhali makiyayan a nan suke. Ga ma'aikatan asibiti, ina roƙon idan za ku ba da bayani, ku tambayi ɗan rakiya mene ne shi a wurin majinyaci, domin akwai maganar da suruki ba zai iya isarwa ba. Ga 'yan'uwana masu jinyar surukai, ku nemo taubashi ko kaka ko aboki, wanda zai iya faɗin komai, tun ranar farko.

Ruwan farko ya sauka saura kwana biyar magani ya ƙare. Bello ya zo da rana jikinsa duk taɓo, ya ce mai gonar da suke zaune a ciki ya aiko yana son wurinsa. Baffa ya ce a kai shi. Na ɗauke shi a babur. Mai gonar dattijo ne, sun shekara ashirin suna wannan hulɗa. Baffa bai roƙe shi ba, gaisawa kawai suka yi, suka yi zancen ruwa. Dattijon ya dubi ramarsa, ya ce ƙasar ma ba ta jiƙu sosai ba, sai an ƙara ruwa ɗaya, a bar shanun su ƙara masa taki na mako guda. Ni da na ga yadda ƙafata ke nutsewa a gonar na san ƙasar ta jiƙu.

Mun koma Birnin Kebbi ranar da ya haɗiye ƙwaya ta ƙarshe. Nauyinsa ya dawo har da ƙarin kilo ɗaya. Likita ta ce zai iya tafiya, amma a hankali, kuma ya dawo bayan wata uku ko da yana jin lafiya, domin cutar takan yi kwanton ɓauna. Wannan karon shi ta gaya wa, ni ina waje.

Ranar tashi na je ruga da sassafe. An kwance bukkoki, an ɗaure ƙore a kan jakuna, mata na kiran yara. Bello ya kawo babur ya tsayar a gaban mahaifinsa, ya ce shi zai goya shi har gindin tsauni, a can sai a ga abin da hali ya yi. Baffa ya zagaya babur ɗin, ya taɓa kujerar, ya ce tana da laushi. Sai ya shiga garke ya sungumo wani maraƙi da aka haifa shekaranjiya, ya ɗora a kan babur ɗin, ya ce wa Bello ya riƙe shi da kyau, shi ne mara ƙafa. Ya saɓa sandarsa a wuya, ya wuce gaba, ya yi kira ɗaya mai tsawo. Shanun da ke kwance suka miƙe kusan tare.

Goggo na gefena. Ta ɗaga murya ta ce, "Sambo, ja mai farin goshi fa!"

Bai juyo ba, hannu kawai ya ɗaga.

Kwana huɗu ban sami labari ba, domin babu sabis a hanyar. A rana ta biyar ina cikin aji wayata ta yi ƙara. Bello ne, ya hau wani dutse inda ake samun layi, iska na kaɗa maganarsa. Ya ce sun isa, ba a rasa ko ɗaya ba. Na tambaye shi sau nawa Baffa ya hau babur, domin ina so in rubuta daidai. Na ji ya juya yana magana da wani da Fulatanci, na ji muryar Baffa daga nesa tana amsawa, gajeriya.

"Ya ce in gaya ma Malam," in ji Bello, "ya rubuta cikin littahinshi: da ƙahwa."

Na rubuta. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sauko da su daga tsauni da rani su da dukiyarsu cikin aminci.